Riƙon da aka yi min ina yarinya ne yake bi na har gidan aure?

"Salam Anti, don Allah a ɓoye sunana. Shekarata 33, ina da aure da yara uku. Ina shekara biyar babanmu ya saki mamanmu, aka kai ni riƙo wajen gwaggona a wani gari, a can na girma har aka min aure. Ba zan ce ba ta ciyar da ni ba, har makaranta ta saka ni, amma ni ce wanke-wanke ni ce shara ni ce talla, duka kuwa ba a magana, in na yi kuka ma a ƙara min. Yanzu babbar 'yata ta shiga shekara shida, in ta zo ta kwanta a jikina sai in ji kamar in ture ta, ina mata tsawa akan abun da bai kai ya kawo ba, daga baya in shiga ɗaki in yi ta kuka. In maigida ya shigo bai yi magana ba sai gabana ya dinga faɗuwa, in ɗauka sakina zai yi, alhali mutumin kirki ne. An kai ni ruƙiyya, kowa cewa yake in yi haƙuri abu ya wuce shekara da shekaru. Wai da gaske abun yarinta yana iya bin mutum haka? Kuma ana warkewa?"

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari. In na fahimce ki abu biyu kike son sani, ko akwai haɗi tsakanin wancan riƙon da abun da kike ji yau game da 'yarki da mijinki, sannan ko mutum yana fita daga ciki ko kuwa haka zai ƙare rayuwarsa. Amsar duka biyun eh ce, amma kowacce tana da bayani. Kafin nan ki sani ni saƙo kawai na karanta, ban zauna da ke ba, dan haka ba zan saka wa abun da ke damunki sunan wata cuta daga nan ba. Abun da zan iya shi ne in faɗa miki yadda irin wannan yake faruwa, daga abun da bincike ya nuna da kuma abun da nake gani wajen matan da suke zuwa wajena.

Abun da yaro yake koya tun bai iya magana ba

Jariri ba ya iya rarrashin kansa. In ya ji yunwa ko tsoro ko zafi, jikinsa gaba ɗaya yake tashi, kuma ba shi da hanyar saukar da shi sai wani babba ya ɗauke shi, ya goya shi, ya jijjiga shi. In hakan ya yi ta maimaituwa sau ba adadi, yaron yana koyon abubuwa biyu ba tare da kowa ya zaunar da shi ba: in na shiga damuwa akwai mai zuwa, kuma ni na isa a zo domina. Daga nan ne daga baya yake samun ikon kwantar wa kansa da hankali. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, John Bowlby, shi ya fara tsara wannan bayanin, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 akan yaran da aka raba da iyayensu. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth kuma a nan Afirka ta fara gwada shi, a ƙauyukan kusa da Kamfala a Yuganda a tsakiyar shekarun 1950, tana shiga gida gida tana kallon uwa da jariri, kafin ta koma Amurka ta ci gaba a Baltimo. Abun da ta gani shi ne yaron da ya tabbata akwai mai amsa kukansa shi ne ya fi sakin jiki ya je ya yi wasa, ba wai shi ne ya fi naci ba kamar yadda muke cewa wai ɗauka tana ɓata yaro.

Har a cikin Hausawa an yi irin wannan binciken, Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu sun fitar da shi a 1977. Sun tarar jariri a gidan Bahaushe mai mata da yawa yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu, ba uwa kaɗai ba, duk da akwai wadda ya fi maƙale wa, yawanci wadda ta fi ɗaukarsa. Na kawo wannan ne dan kar ki ɗauka ina cewa riƙo a karan kansa ne matsala. A'a. Mutane nawa muka sani da kaka ko inna ko gwaggo ta riƙe, suka tashi lafiya lau, har suna kiran mariƙiyar da suna Mama suna kiran mahaifiyar da Anti. Ko kunyar ɗan fari da iyayenmu mata suke yi, uwa ba ta faɗin sunansa ba ta wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ba ta yi ɓarna ba saboda al'adar ta tanadi wata, kaka ko kishiyar uwa, wadda za ta shagwaɓa shi a fili. Inda ake samun matsala shi ne a ɗauke yaro daga hannun da ya saba, kuma inda aka kai shi babu hannun da ya maye gurbin. Akwai abinci akwai makaranta, amma babu cinyar da zai hau.

Toh ke kinga abu uku ne suka haɗu miki lokaci guda. An raba ki da mahaifiyarki kina shekara biyar, kuma ina kyautata zaton ba wanda ya zaunar da ke ya miki bayani, dan mu ba ma yi wa yara bayanin saki, kawai yaro ya ga an ɗaure masa kaya a leda. Yaro mai shekara biyar kuwa komai da kansa yake fassara shi, in ba a faɗa masa dalili ba shi zai ƙirƙiro, kuma dalilin da ya fi sauƙin zuwa masa shi ne ni ce na yi laifi shi yasa aka ba da ni. Na biyu, a sabon gidan ƙimarki ta koma aikin da kika yi, in kin yi a ƙyale ki in ba ki yi ba a dake ki. Na uku wanda a ganina ya fi duka nauyi, kuka ya zama laifi. Yarinyar da ake ƙara wa duka in ta yi kuka dole ta koyi haɗiye abun da take ji, kuma wallahi a lokacin dabara ce mai kyau, ita ta rage miki bulala. Matsalar kawai shi ne jiki bai san an bar gidan ba.

Me yasa gabanki yake faɗuwa in maigida ya yi shiru

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, aikinsa hango haɗari, kuma yana aiki da sauri tun kafin tunani ya iso. Da ya hango abu sai a saki sinadarai irin su adirenalin da kotizol, zuciya ta hau bugu, numfashi ya yi sama sama, ciki ya murɗa. Wannan ne faɗuwar gaban. Sashen da ke bayan goshi shi ne mai taka burki ya ce tsaya, ba komai ba ne, kuma shi ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Yaron da ya tashi a gidan da bai san yaushe duka zai sauka ba, nasa mai hango haɗarin yana samun horo fiye da ƙima, ya ƙware wajen karanta fuska, takun ƙafa, yadda aka ajiye kwano, yadda aka turo ƙofa. Hausawa sun riga sun faɗa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. A gidan gwaggo shirun babba yana nufin wani abu na tafe, a gidan mahaifinki kuma ƙarshen shirun manya shi ne aka tafi da ke. Mijinki ya dawo da gajiyar kasuwa ko ofis ya yi shiru, jikinki ya karanta shi da tsohon karatu. Ba rashin yarda da shi ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba.

Ba ke kaɗai ba ce. Tsakanin 1995 da 1997 likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, sun tambayi manya sama da 17,000 a San Diyego ta Amurka game da abun da suka fuskanta kafin su kai shekara 18, duka, zagi, cin zarafi, rashin kula, rabuwar iyaye, ganin ana dukan uwa, shaye-shaye a gida da makamantansu. Kusan biyu cikin uku sun fuskanci aƙalla ɗaya, kusan mutum ɗaya cikin takwas ya fuskanci huɗu ko fiye. Waɗanda suka haɗa huɗu zuwa sama, ciwon damuwa a cikinsu ya ninka na sauran kusan sau huɗu ko fiye, har ciwon zuciya da shaye-shaye ma sun fi yawa a cikinsu. Kuma fa yawancinsu masu aiki ne masu rufin asiri. A Najeriya binciken ƙasa da aka yi a 2014 akan cin zarafin yara ya nuna kusan yara shida cikin goma suna fuskantar wani nau'i kafin shekara 18, rabin yara kuma duka ne mai tsanani. Sai dai a nan dole in ja miki kunne, irin wannan lissafin na jama'a ne, yana faɗin abun da ya fi yawa a cikin dubban mutane, ba ya faɗin makomar mutum ɗaya. Shi kansa Anda ya fito a 2020 ya ce kar a dinga amfani da wannan ƙidayar ana yanke wa mutum hukunci.

Na san wani zai ce ai mu ma an dake mu gashi mun zama mutane. Gaskiya ne da yawa sun zama mutane. Amma ni a ɗakin da nake ganin mutane, irin waɗannan da suka zama mutanen ne suke zuwa da ciwon kai da ba ya jin magani, da olsa, da rashin bacci, an yi gwajin taifot da maleriya har an gaji, sai an zauna an yi hira mai tsawo sannan maganar matar uba ko makarantar allo ta nesa ta fito. Kuma akwai bambanci tsakanin yaron da uwarsa ta tsula masa bulala biyu da rana, da daddare ya kwana a bayanta, da yaron da aka daka ya je ya kwanta shi kaɗai a kicin ba mai ce masa sannu.

Maganar 'yarki

Wannan ne nake jin ya fi ci miki rai, dan haka bari in daɗe a kai. Kin lura da shekarunta? Ta kai daidai shekarun da aka ɗauke ki. Wannan abu ne da nake gani sosai, uwa tana lafiya da yaro yana jariri, goyo da shayarwa duk ba matsala, sai ya kai shekarun da ita abun ya same ta sai komai ya rikice. Kina kallonta kina ganin ƙanƙantarta, yadda ba ta iya ko ɗaure zani da kyau ba, sai wani sashe na zuciyarki ya gane a karon farko cewa ashe haka nake lokacin da aka ɗora min tire aka tura ni talla. Baƙin cikin da ba ki samu damar yi ba a lokacin shi yake tasowa, kuma tunda an hana ki hanyar kuka, ta hanyar tsawa yake fita.

Akwai kuma wani abu da mata suke jin kunyar faɗa min sai mun saba, wani irin haushi ne mai kama da kishi. Yarinya ta zo tana shagwaɓa tana neman a rungume ta, abun da ke in kin yi za ki sha mari, sai wata murya a ciki ta ce ke wa ya miki haka, ji ta da iyayi. In kin taɓa jin wannan kar ki ɗauka ke muguwar uwa ce. Muryar gwaggo ce kika haddace, yara suna haddace yadda aka musu magana su dinga yi wa kansu, daga baya su yi wa nasu 'ya'yan. Ita kuma turewar, jikin da bai saba da taɓawa mai daɗi ba, wanda yawancin hannun da ya taɓa shi na duka ne, yana iya jin runguma a matsayin takura.

Muguwar uwa ba ta shiga ɗaki ta yi kuka bayan ta yi tsawa, kuma ba ta rubuto saƙo irin naki. Masu bincike biyu a Amurka, Kaufman da Zigler, da a 1987 suka tattara binciken da aka yi a baya, sun ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka ci zarafinsu suna yara ne suke maimaitawa akan nasu, mafi yawa ba sa yi. Kuma cikin abubuwan da aka ga suna raba su akwai iya tuna abun da ya faru da kiran sa da sunansa. Wadda take cewa dukan da aka min ne ya gyara ni ta fi kusa da maimaitawa akan wadda take cewa an cuce ni kuma ba na so 'yata ta ji irinsa.

Ana warkewa?

Ana warkewa, amma ba irin warkewar maleriya ba da za a ce an gama allura shikenan. Tunanin ba ya gogewa, abun da yake canjawa shi ne ƙarfin da yake da shi a kanki. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a ƙarshen 1989 duniya ta ga gidajen marayu cike da yara da ake ba abinci amma ba mai ɗaukarsu. A farkon shekarun 2000 masu bincike suka bi yara 136 na irin waɗannan gidajen a Bukares, babban birnin ƙasar, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo da aka horar. Waɗanda aka mayar sun fi waɗanda aka bari ci gaba wajen shaƙuwa da kaifin ƙwaƙwalwa, musamman waɗanda aka ɗauka kafin shekara biyu. Wato da wuri ya fi, wannan gaskiya ne ba zan ɓoye miki ba. Amma ke kin samu shekara biyar na farko tare da mahaifiyarki, wannan ba ƙaramin jari ba ne.

Wanda ya fi dacewa da ke shi ne aikin wata mai bincike, Emmy Werner, a tsibirin Kawai na Hawai ta Amurka. Ta bi yara 698 da aka haifa a 1955 har suka kai shekara 40. A cikin waɗanda suka tashi cikin talauci da rigimar gida, kusan ɗaya cikin uku sun girma lafiya ƙalau, kuma abun da ya yi ta fitowa a labarinsu shi ne akwai babba aƙalla guda ɗaya da ya riƙe su da gaske, kaka, malami, maƙwabciya, yaya. Abun da ya fi burge ni ma shi ne da yawa daga waɗanda suka rikice a ƙuruciya sun daidaita bayan sun haura 30, ta dalilin auren mutum mai natsuwa, ko komawa karatu, ko shiga jama'ar addini da ta riƙe su. Kin ce mijinki mutumin kirki ne. A wajena wannan ita ce jimla mafi muhimmanci a saƙonki, dan abun da mu'amala ta ɓata mu'amala ce take gyara shi, karatu da fahimta kaɗai ba sa isa. Ki kuma zauna ki tuna, a gidan gwaggo ko unguwar ko islamiyya, wa ya taɓa miki kirki? Kusan duk wadda na tambaya sai ta tuno wata, ko da mai ƙosai ce da take ƙara mata biyu.

Haƙuri, yafiya da ruƙiyya

Ba na faɗa da addu'a ko ruƙiyya ta shari'a, ni ma musulma ce, kuma na ga yadda azkar da tsayuwar dare suke saukar wa mutane da zuciya. Thomas Adeoye Lambo, babban likitan ƙwaƙwalwa na Najeriya, tun 1954 a Aro ta Abekuta ya nuna ana iya haɗa aikin asibiti da abun da mutane suka yarda da shi da danginsu. Inda nake da ja shi ne a ce duk wata faɗuwar gaba aljani ne, a yi ta zagaye da mace ana mata hayaƙi shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tambayarta me ya same ki. Wanda kuma zai dake ki da sunan fitar da aljani, ki guje shi, ke da duka ya jawo miki wannan.

Shi kuma haƙurin da ake ce miki, akwai haƙuri akwai danniya. Annabi Yaƙub ya ce haƙuri mai kyau zai yi, amma Alƙur'ani ya faɗa mana ya yi baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari, da 'ya'yansa suka ce ba za ka daina ambaton Yusuf ba ya ce ni ga Allah nake kai ƙarar baƙin cikina. Bai ce ai ya wuce ba. Kuma lokacin da Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah (SAW) ya sumbaci Hasan ya ce ni 'ya'yana goma ban taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da aka ba shi ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Kinga abun da kika rasa ba shagwaɓar Turawa ba ce, haƙƙinki ne.

Za ki iya cewa gwaggo ta ciyar da ni, Allah ya saka mata, kuma ta cutar da ni. Duka biyun gaskiya ne, faɗin na biyun a ɗakin likita ko a gaban Allah ba butulci ba ne ba kuma yanke zumunci ba. Ƙila ita ma haka aka riƙe ta, wannan yana bayyana abun amma ba ya wanke shi. Yafiya kuma ni ban taɓa ganin wadda aka matsa wa mutum ta yi aiki ba, baki ya ce na yafe jiki ya ƙi. Yawanci daga baya take zuwa da kanta bayan an yi kukan da ba a yi ba. Zuwa a tunkari gwaggo kuwa ba na ba da shawararsa yanzu. Mafi yawan tsofaffinmu in aka zo musu da irin wannan cewa za su yi bayan duk wahalar da na yi da ke, dangi su taso, ki dawo da sabon ciwo akan tsoho. In mahaifiyarki tana raye, hira da ita a hankali akan yadda abun ya faru, wa ya yanke shawarar, ita me ta ji, ta fi amfani sosai. Mata da yawa sun girma suna zaton uwarsu ce ta yar da su, ashe ƙwace su aka yi tana kuka.

Abun da za ki fara da shi a gida

Ki fara da lura da jikinki kafin tsawar ta fito, dan tana da alama, wata zafi take ji a ƙirji, wata kunnenta ne yake ɗumi, wata haƙora take cijewa. Da kin ji, ki bar wajen ko na minti biyu ne, ki yi a'uziyya, ki zuba ruwa a fuska ko ki yi alwala, ki ja numfashi ki sake shi a hankali ya fi jan tsawo, dan fitar da numfashi a hankali yana rage gudun zuciya. In kina tsaye ki zauna, wannan ma ai hadisi ne. Ba kullum za ki ci nasara ba, musamman ranar da ba bacci ga ƙaramin yana rigima ga wuta ba ta zo ba.

Ranar da tsawar ta riga ki, ki koma. Edward Tronick, wanda ya shahara da gwajin da uwa take daskarar da fuska a gaban jaririnta a shekarun 1970, ya gano ko a tsakanin uwa da jariri masu lafiya kusan kashi 30 cikin 100 na lokaci ne kawai suke daidai da juna, sauran duk saɓani ne da gyarawa. Gyarawar ce take gina yaro. Bayan kin huce, maimakon ki tsaya a kukan ɗaki, ki kira ta ki ce ɗazu na miki tsawa da yawa, raina ne ya ɓaci, ba dan ba na sonki ba ne, zo. Na san a wajenmu uwa ta ba ɗa haƙuri abu ne mai nauyi, wasu za su ce raini zai jawo. Ni ban ga ya jawo raini ba, abun da na gani shi ne yaro ya daina ɗora wa kansa laifin fushin manya, wanda shi ne ainihin abun da ya same ki.

Rungumar kuma kar ki tilasta wa kanki. Ki fara da taɓawar da take da aiki a ciki tunda ita jikinki ya fi yarda da ita, ki mata kitso da kanki ba tare da dungure mata kai ba, ki shafa mata mai bayan wanka, ki sa mata lalle, ku zauna kafaɗa da kafaɗa kina mata tatsuniya ko tana miki karatun islamiyya. Minti goma a rana wanda nata ne ita kaɗai, waya a ajiye. A hankali jiki yake sabawa, wata uku wata shida, wani lokacin fiye.

Maigida kuma ki samu lokacin da kuke cikin daɗi ki ba shi labarin, ba sai duka ba. Ki ce masa in ka shigo ka yi shiru gabana faɗuwa yake tun daga abun da ya faru ina yarinya, in gajiya ce dan Allah ka ce min gajiya ce. Kalma biyu daga bakinsa, duk ranar da tsoron ya zo aka ƙaryata shi, tana rage masa kaifi. Maza da yawa suna ɗauka fushi matar take ko zargi, in suka ji asalin abun sai ki ga sun sauko. In kuma kina iya rubutu, ki rubuta wa kanki labarin daga farko, da Hausa yadda ya zo, ki tsaya duk inda ya yi nauyi. In rubutun yana hana ki bacci ko yana dawo miki da abun kamar yanzu yake faruwa, ki dakata sai da mai taimako a gefe.

Yaushe ya zama dole ki ga likita

In kin yi sati biyu ko fiye ba kya jin daɗin komai, bacci da cin abinci sun rikice, ko kina mafarkin abun kina firgita, ko tsawar ta fara komawa duka mai barin tabo, ki je. In kuma tunanin gara ki mutu ko ki cutar da kanki ko yaran ya taɓa zuwa miki, wannan ba na jira ba ne, ki faɗa wa wani da kika yarda da shi yau ya raka ki asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin hauka, mafi yawan masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa su koma gida su ɗora tukunya.

Maganin da aka fi samun shaida a kansa ga irin wannan na zama ne a yi magana bisa tsari, akwai wanda ake koya wa mutum kama tunanin da yake zuwa masa da kansa, irin sakina zai yi, a auna shi a canja shi, akwai kuma wanda ake bi ta kan abun da ya faru a hankali har ya daina tayar da jiki. Ƙwaya tana taimakawa in akwai ciwon damuwa mai nauyi, likita ne zai duba, kuma in kina shayarwa ko da ciki ki faɗa masa. Masu wannan aikin sun yi mana kaɗan ƙwarai a Arewa, layi yana da tsawo, na kuɗi kuma da tsada. Amma a Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da mutane a benci a harabar asibiti suna saurarensu zama shida, gwajin da aka buga a 2016 ya nuna damuwar mutanen ta ragu sosai. Dan haka kafin layi ya zo kanki, babbar mace mai hankali mai riƙe sirri, wadda za ta saurara ba ta katse ki da ki yi haƙuri ba, tana da amfani na gaske. In kin samu ganin likitan ki nemi a duba miki jini da maƙoshi ma, dan ƙarancin jini da matsalar tayirod, wata 'yar gaɓa da ke maƙoshi, suna kawo faɗuwar gaba da saurin fushi, kuma ki faɗa masa shekarun ƙaramin ɗanki, saboda damuwar bayan haihuwa tana iya hawa kan tsohon ciwon ta ƙara masa nauyi.